Nazarin Lamari: Wani Bakanike a Kaduna da Tsofaffin Mujallunsa na Motoci

Asalin lamarin, 1975 zuwa 1982

Mutumin da wannan nazari ya shafa bakanike ne a Kaduna, kuma tunda an sakaya sunansa za a riƙa kiransa mai garejin. Ya yi makarantar koyon sana'a, inda ya iya karatun Turanci daidai gwargwado da fahimtar zanen injin, sannan ya shiga hannun wani ubangida a daidai lokacin da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri a 1975. Motar da ta cika titunan Arewa a shekarun da suka biyo baya ita ce 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara fito da ita a Faransa a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, a nan kuma aka san ta iri uku: ƙaramar ta gida da ofis, doguwar ta haya mai layin kujeru uku, da a-kori-kura ta ɗaukar kaya.

Mujallunsa na farko kyauta ya same su, daga wani injiniya Bature da ya gama wa'adin aikinsa ya bar masa kwali guda. A ciki akwai Autocar, mai fitowa mako-mako a Ingila tun 1895, da abokiyar gasarta Motor, wadda ta soma a 1903, da kuma Car Mechanics, wadda tun 1958 take koya wa mai mota gyaran motarsa da hannunsa. Daga nan sai ya riƙa saye a kantunan littattafai da wurin masu sayar da jarida, galibi bayan mako uku ko huɗu da fitowar kowane bugu. Direbobin da ke zuwa Maraɗi kuma sukan kawo masa Revue Technique Automobile (RTA) ta Faransa, wadda kowane bugunta kan ɗauki mota guda ya warware ta daga injin har wayoyin lantarki. Bai iya Faransanci ba, amma lamba da zane ba su buƙatar tafinta.

Amfanin da yake samu a cikinsu iri uku ne, kuma ya kamata a rarrabe su tun yanzu domin kowanne ya bi tasa hanyar daga baya. Akwai ma'aunin gyara, wato ratar bawul da ta fulogi da ta kwantak, da ƙarfin da ake ɗaure ƙusoshin kan injin da shi, da jerin da ake bi wajen ɗaure su. Akwai gwajin hanya, inda ma'aikatan mujalla ke karɓar sabuwar mota su auna gudunta da shan manta da tsayawar birkinta da na'urorin kansu, su buga abin da suka gani ko da ya saɓa wa abin da kamfanin ya faɗa. Na ukun shi ne majalisa: duk yammacin da sabon bugu ya iso, yaran gareji da direbobi da masu motoci kan zauna a kan benci, shi yana karantawa yana fassarawa da Hausa, ana gardamar ko Fijo ta fi Volkswagen juriya, ana tuna yadda 504 ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975.

Karatun yana da wahalarsa. Mujallun Ingila da inci da mil da galan suke lissafi, motar Faransa kuwa da milimita aka ƙera ta, saboda haka ya manna takarda a bango mai nuna cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne, galan na Ingila lita 4.5 da ɗoriya, mil ɗaya kilomita 1.6. Hotunansu ma na motoci masu sitiyari a dama ne, alhali Najeriya ta sauya hannun tuƙi tun Afrilun 1972. Ba kuma su san ƙurar hunturu ko zafin bazara ba, don haka abin da suka ce game da lokacin sauya matatar iska sai ya rage shi da kansa, ya rubuta nasa a gefen shafi da biro. Waɗannan rubuce-rubucen gefe za su sake fitowa a cikin labarin.

Toshewar hanya, 1982 zuwa 1994

Matsalar ta fara ne daga kuɗi, tun mujallun suna da ransu a ƙasashensu. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, mujallar mota kuwa ba ta cikin abin da ɗan kasuwa zai ɓata lasisinsa a kai. Bugu ya fara zuwa da giɓi, a sami na wannan mako a rasa na makonni uku. A Satumban 1986, ƙarƙashin shirin SAP na gyaran tattalin arziki, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, dala ta tashi daga ƙasa da naira biyu zuwa sama da naira huɗu a gwanjon farko, kuma ba ta sake komawa inda take ba. Kantunan da ke kawo mujallun suka rage, daga baya suka daina.

A 1988 sai Autocar ta haɗiye Motor, aka riƙa buga su da suna ɗaya, Autocar & Motor, har zuwa 1994 lokacin da aka cire sunan Motor baki ɗaya. Mai garejin bai ji labarin ba sai bayan watanni, da ya ga sabon suna a kan wani bugu na gwanjo. Abin da ya dame shi a wannan haɗewa shi ne ya saba ɗora gwajin wannan a kan na waccan, idan suka yi daidai ya yarda, idan suka saɓa ya san akwai abin bincike. Yanzu shaida ɗaya ta rage masa.

Dabarun da aka gwada, 1990 zuwa 2006

Dabara ta farko ita ce biyan kuɗin shekara kai tsaye ta hannun wani ɗan'uwansa da ke karatu a Ingila, a riƙa aiko masa ta akwatin gidan waya. An yi shekara guda ana haka. Daga bugu goma sha biyu na mujallar wata-wata, bakwai ne suka iso hannunsa, biyu daga ciki a jiƙe, kuɗin aikowar kuma ya kusa kai kuɗin mujallar. Da ɗan'uwan ya dawo gida, maganar ta mutu.

Ta biyu ita ce gwanjo. Masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi sukan samu ɗaurin mujallu cikin kayan da ake shigowa da su, shi kuma ya yi yarjejeniya da biyu daga cikinsu su riƙa ajiye masa duk mai hoton mota. Wannan ta fi ta farko araha ƙwarai, ta kuma ƙara yawan tarinsa, sai dai abin da ya zo shi ake ɗauka. Yakan sami kashi na biyu na bayanin gyaran akwatin giya ya rasa na ɗaya da na uku, ko ya sami tulin mujallun Amurka masu magana a kan manyan injina masu silinda takwas waɗanda ba ya ganin irinsu a garejinsa.

Ta uku ita ce ba da aro da musaya da sauran kanikawa, kuma ita ce ta fi yi masa ɓarna a wancan lokaci. Ba a rubuta wanda ya ɗauka, kunya kuma ba ta barin a bi abokin sana'a bashin takarda. Bugun da aka fi aro su ne mafiya amfani, su ne kuma ba su dawo ba. Wasu ya gan su daga baya a hannun mai gyaɗa an yayyaga ana ƙunshi da su. Da ya koma yin hoton shafuka a injin kwafi domin ya daina ba da asalin, sai dannawar da ake yi wa mujalla a kan gilashi ta riƙa karya gadon bayanta, zanen wayoyin lantarki mai launi kuma ya fito baƙi da fari, ba a bambance jar waya da koriya.

A cikin waɗannan shekaru motocin da ke shigowa garejin ma suka sauya. Motocin gwanjo na Turai da ake shigowa da su ta Kwatano sun mamaye kasuwa, Honda da Toyota da Golf suka yawaita, injekta ta fara ture kafireta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket mai ƙafa 16 da ake jona na'urar binciken lahani a jikinsa, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Wanda ya ƙware wajen sauraron injin da kunne ya daidaita shi da sukundireba sai ya ga yaro da ƙaramar na'ura yana karanta lambar lahani. A 2006 aka daina harhaɗa 504 a Kaduna, fiye da shekara ashirin bayan an daina yin ƙaramarta a Turai.

Shekarun waya, 2007 zuwa 2018

Da intanet ta sauka cikin wayar hannu, yaran garejin suka daina jiran majalisar yamma. Wanda ya rasa yadda ake kwance wani abu sai ya nemi bidiyo, kuma a gaskiya ga sababbin motoci bidiyon ya fi kowace mujalla sauri. Mai garejin ya karɓi wannan, ya sayi na'urar binciken lahani, babban ɗansa ya zama mai riƙe ta. Kwalayen mujallu aka kwashe su daga ofis aka jibge a ɗakin ajiya na baya, a ƙasa, jingine da bangon ƙasa da aka shafe da siminti, ƙarƙashin rufin kwano.

Ga tsofaffin motoci kuwa wayar ba ta biya buƙata ba. Har yanzu akwai masu kawo 504 da 505 da tsohuwar Marsandi, waɗansu domin neman abinci da su a hanyoyin ƙauye, waɗansu domin motar mahaifinsu ce ba sa son rabuwa da ita. Idan aka nemi ma'aunin irin waɗannan a intanet sai a sami lambobi uku mabambanta, babu mai faɗin na wace shekara ce ko wane injin. Sau ɗaya wani yaro ya ɗaure kan injin 504 da lambar da ya gani a waya, ba tare da bin jerin ɗaurin ba, gaskit ya ƙone cikin mako biyu, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Injin 504 mai cc 1,971 hannun silindarsa cirewa ake yi, ruwan sanyaya injin yana zagaye shi kai tsaye, saboda haka kuskure kaɗan a tsayinsa ko a ɗaurin kai yana jawo wannan. Garejin ne ya biya kuɗin gyaran.

A can inda ake buga mujallun, abin da ke ciyar da su yana ƙafewa. Kuɗin da mai karatu ke biya bai taɓa isar mujallar mota ba. Talla ce ke riƙe da ita, ta kamfanoni da ta masu sayar da motocinsu na hannu. Wannan ta biyun ita ta fara ƙaura zuwa intanet. Exchange & Mart ta daina fitowa a takarda a 2009, Auto Trader ta Ingila a 2013, Max Power ta matasa masu ƙawata motoci ta rufe a 2011.

Daminar 2019 da abin da ya biyo baya

A Satumban 2019, bayan wata biyu ana ruwa kusan kullum, aka shiga ɗakin ajiya neman bayanin wata kafireta sai aka tarar gara ta taso ta tsagin bango ta shiga kwalayen ƙasa, rufi kuma yana yoyo a kan na sama. Kwali 14 ne. Huɗu na ƙasa sun zama ƙasa, ba abin da za a ɗauka. A cikin sauran, mujallu masu takarda mai sheƙi da suka jiƙe suka bushe sun manne sun zama kamar katako, ƙusoshin ɗinki sun yi tsatsa sun cinye tsakiyar shafuka. Da aka ƙirga, daga abin da ya haura bugu 900, kimanin 540 ne ake iya buɗewa a karanta.

Tunaninsa na farko shi ne ya maye gurbin abin da ya lalace, sai ya zo daidai da lokacin da mujallun ke mutuwa a jere. Autoweek ta Amurka ta daina bugun takarda a Nuwamban 2019. A Disamba kamfanin TEN Publishing ya sanar da rufe 19 daga cikin mujallunsa 22 na takarda, ciki har da Car Craft wadda take fitowa tun 1953, da Automobile wadda aka kafa a 1986, bugunta na ƙarshe kuma na Fabrairun 2020 ne. A Disamban 2020 kamfanin Haynes, wanda kanikawa da yawa suka girma da littattafan gyaransa, ya ce ba zai ƙara buga sababbi a takarda ba, ko da yake zai ci gaba da sayar da tsofaffin. Masu gwanjon bakin titi ma sun daina samun ɗauri, domin abin da ba a buga ba ba zai zama gwanjo ba, tsofaffin bugu na shekarun 1970 kuwa sun zama kayan tarihi da ake saye da tsada a kuɗin waje.

Ɗansa ya gano cewa wasu mujallun, kamar Motor Sport wadda ta soma a 1924, sun ɗora dukan tsofaffin bugunsu a intanet ga wanda ya biya. An gwada na ɗan lokaci. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya, biyan ya yanke, damar karatun ta yanke da shi. Ko lokacin da take buɗe, babu rubutun gefen shafi a ciki, babu kuma RTA da ya fi dogara da ita.

Aikin ceto, 2020 zuwa 2022

Kullen korona na 2020 ne ya ba su lokaci, domin gareji a rufe yake makonni. Matakin farko shi ne busarwa. An fara shanya wasu a rana tsaka, takarda ta kanannaɗe ta yi gautsi tana karyewa, sai aka koma inuwa inda iska ke ratsawa, ana saka farar takarda tsakanin shafuka masu danshi ana sauyawa. Waɗanda suka riga suka manne an bar su, domin duk wanda aka tilasta buɗewa fuskar shafin ɓarewa take yi. An cire ƙusoshi masu tsatsa an ɗinke da zare. An kai shafuka kaɗan an rufe su da leda mai zafi, aka ga ba a iya cire ta kuma zafin yana ƙona tsohuwar takarda, aka daina. An daina amfani da salatif ma, saboda wanda aka liƙa shekarun baya ya bar tabo rawaya a kan rubutu.

Ajiya ta koma akwatunan ƙarfe a kan teburin ƙarfe mai tsayin kamu ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da bango, a ɗakin da aka gyara rufinsa aka toshe tsagin da gara ta bi. Ba a sa su cikin buhun leda ba, domin leda tana riƙe danshi a damina. Ana saka kafur a kusurwar kowane akwati, ana buɗewa a duba sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Oktoba.

Matakin da ya fi cin lokaci shi ne fihirisa. Mai garejin ya zauna da babban littafin rajista, ya ware wa kowace mota shafukanta, yana rubuta sunan mujalla da kwanan wata da lambar shafi da abin da ke ciki da Hausa: ratar bawul, zanen wayoyi, kwance famfon birki. Wata takwas ya yi yana wannan da yamma. Da littafin ya kammala sai aka ga shafukan da aikin gareji ke buƙata da gaske ba su wuce 1,200 ba, su kaɗai kuma ɗan ya ɗauka da kyamarar waya, da launinsu, a inuwar safe, kowane hoto da sunan mota da lambar da ke cikin rajista. An ajiye kwafi biyu, ɗaya a kwamfutar gareji ɗaya a gida. Doka ta ƙarshe ita ce asali ba ya fita daga ɗaki. Wanda ya zo aro ana tura masa hoton shafin a waya.

Inda lamarin ya tsaya

Damina ta wuce sau da yawa tun lokacin, ba a sake rasa bugu ko ɗaya ba. Neman ma'aunin tsohuwar mota, wanda a da kan ci rabin yini ana tonon kwali, yanzu mintoci ne. Kanikawa daga wasu garejoji suna aiko da tambaya, masu tsofaffin Fijo kuma sun ƙaru a garejin saboda an ji cewa a nan ake ɗaure injin da lamba. Abin da gara ta ci, har da yawancin bugun Motor da Baturen ya bar masa tun farko, bai dawo ba. Sabuwar mujalla ba ta shigowa. Majalisar yamma an gwada farfaɗo da ita ran Asabar, ta yi 'yan watanni da mutum shida ko bakwai, ta koma ta lokaci-lokaci, yawanci idan an kawo tsohuwar mota yara suka taru kallo.

Hukunci

A ganina dabarun farko sun gaza ne saboda dukansu ƙoƙari ne na ci gaba da samun sabon bugu, alhali abubuwan da suka tsayar da shi, wato darajar naira da ƙaurar talla zuwa intanet, sun fi ƙarfin kowane mai karatu. Bayan shekarun da aka kashe ana neman ƙari, sai aka bar abin da ke hannu ya yi shekaru a ƙasa jikin bango. Da an sayi akwatunan ƙarfen nan a 2007 da kuɗin da bai kai na gyaran gaskit ɗin da ya ƙone ba, da kwalaye huɗun suna nan, kuma wannan sakaci ne da ba zan ɓoye shi ba duk da girman da nake ba mutumin.

Aikin ceton ya yi nasara ne saboda an fara da fihirisa kafin hoto. Da an ce a ɗauki hoton bugu 540 shafi-shafi, da an gaji an bari, ko kuma a tara dubban hotuna da ba mai iya neman komai a ciki. Wanda ya san abin da kowane shafi ke amfanarwa shi ya zaɓa, ya kuma rubuta da harshen da yaransa ke aiki da shi. Hotunan sun ɗauko har da rubutun biron da ke gefe, wanda ya daidaita bayanin Turai da ƙura da zafi da fetur na nan, kuma ni a wurina shi ne mafi tsadar abin da ke cikin akwatunan, domin babu wani kundi a duniya da yake da kwafinsa.

Daga cikin amfani ukun da aka ambata a farko, ma'aunin gyara ne kaɗai aka ceto sosai. Gwajin hanya mai zaman kansa yana nan ga motocin da, amma ga motocin da ke shigowa yau garejin ba shi da madadinsa, domin mai bidiyo da dillali ya ara wa mota ba ya auna birki, ba kuma ya son ɓata wa dillalin rai. Majalisa ita ce ta fi rauni, kuma ita ce ta fi damuna, saboda a can ne yaro ke jin dalilin da ya sa ake bin jeri wajen ɗaure kan injin, ba lambar kawai ba. Yaran da ke garejin yanzu su tara ne, biyu daga cikinsu ne suka iya buɗe rajistar su nemo shafi da kansu, mai garejin kuma ya fara sa su rubuta nasu bayanin a shafukan da ya bari a ƙarshenta domin Honda da Toyota.